Daga Kano zuwa Ankole, inda makiyayi ke yi wa saniya waƙa da sunanta

Aikina tattara madara ne daga rugagen Fulani a kudancin jihar Kano, kuma aikin ne ya kai ni Yuganda a watan Yuli. An tura ni in ga yadda ƙungiyoyin masu shanu na kudu maso yammacin ƙasar ke tara madara su sanyaya ta kafin motar kamfani ta zo kwasa. Rahoton wannan tuni na miƙa shi a ofis. Abin da zan ba ku labari a nan shi ne wanda bai samu gurbi a rahoton ba, wato waƙar da makiyayan Banyankore, mutanen yankin Ankole, da maƙwabtansu Bahororo ke yi wa shanunsu a bakin kiwo.

Biza ta intanet na nema, dala 50, kuma tun kafin a duba fasfo a Entebbe sai da aka nemi katin rigakafin shawara. Daga Kano muka yada zango a Adis Ababa, muka sauka Entebbe a bakin Tafkin Biktoriya da tsakar dare. Agogonsu ya riga namu da awa 2. Na canza dala a kan shilin 3,700 da 'yan kai, nan take na zama mai dubu ɗaruruwa a aljihu. A hannun hagu suke tuƙi, don haka duk lokacin da direba ya sha kwana sai gabana ya faɗi. Na kwana a Tsohuwar Kampala, kusa da babban masallacin da Gaddafi ya ƙarasa gininsa, da safe na hau acaɓa, wanda su suke kira boda boda, zuwa tashar Kisenyi.

Kuɗin bas zuwa Mbarara shilin 30,000, tafiyar kilomita kusan 270. Fita daga Kampala kaɗai ya ci mana fiye da awa guda saboda cunkoso. A Kayabwe muka tsallaka layin da ya raba duniya biyu, fasinja ko ɗaga kai ba su yi ba, ni kaɗai nake leƙe. Inda kowa ya farka shi ne Lukaya. Bas bai gama tsayawa ba masu talla sanye da riguna masu lamba suka yi masa rumfa, suna miƙo tsinkayen kaza da gasasshiyar ayaba ta taga. Na yi jim, sai wani dattijo mai hula da ke gefena ya ce, "Hajji, ci abinka." Ya yi mini bayani cewa yankan shanu da awaki na kasuwa a ƙasar ya daɗe a hannun Musulmi, naman alade kuma yana da wurarensa daban da allo a ƙofa, sai dai in riƙa karanta allo kafin in shiga gidan abinci. Ayabar da suke kira gonja na saya, uku a shilin 2,000, kuma har na bar ƙasar ban gaji da ita ba.

Shingayen hanya akwai su, 'yan sandan kula da motoci cikin fararen kaya. Tun 2016 aka tsaurara bincike a hanyar Masaka saboda yawan haɗari. Kwandasta kan sauka da wata takarda a sa mata hannu a rubuta lokaci, don a gane ko direba ya yi gudun wuce sa'a. Ba a sauke mu ba, ba a kwance kayan kowa ba.

Bayan Lyantonde ƙasa ta canza. Gonakin ayaba suka ja baya, aka shiga tuddai masu busasshiyar ciyawa da itatuwan ƙaya da suri. A nan na fara ganinsu. Na girma ina ganin rahaji, jajayen shanun Bororo, ina kuma tsammanin a nan ƙaho ya ƙare. Ƙahon saniyar Ankole fari ne sol, gindinsa ya fi cinyata kauri, ya buɗe ya tashi sama sannan ya lanƙwaso ciki, wasu tsakanin tsini da tsini ya kai mita 2. Jikin ja ne mai duhu, tozon ɗan ƙarami. Idan garke ya taho ta hanya ɗaya, kafin ka ji kofato sai ka ji ƙahonin suna gogar juna, ƙwas ƙwas. Kusa da gandun dajin Tafkin Mburo kuwa na ga jakunan dawa suna kiwo tsakiyar shanu kamar tare aka sako su.

A Mbarara na kama ɗaki shilin 60,000 a kwana, da gidan sauro da ruwan zafi, kuma ruwan zafin ya yi rana, don garin yana kan tudu, asubarsa sai da bargo. Karin kumallo katogo ne, ɗanyar ayaba da aka dafa da kayan ciki ko wake, da shayin da babu ɗigon ruwa a cikinsa, madara ce zalla da citta. A shataletalen shiga gari mutum-mutumin sa ne mai dogon ƙaho. Aikin da ya kawo ni na yi shi a nan da kewaye: tankunan sanyi, awon madara, littafin biyan kuɗi.

Wanda aka haɗa ni da shi ya riƙa yi mini tafinta likitan dabbobi ne, Munyankore. Shi ya kai ni gidan tarihi na Igongo a Biharwe, kilomita 12 daga gari, inda na ɗan fahimci ƙasar. Sarkin Ankole Omugabe ake ce masa, kuma sarautar tana jingine da wani tambari mai suna Bagyendanwa. Turawan Ingila sun ƙulla yarjejeniya da masarautar a 1901, shugaban ƙasa Obote ya rushe ta a 1967, da aka maido da masarautu irin su Buganda a 1993 kuma ba a maido da Ankole ba har yau. Jama'ar sun kasu Bahima masu kiwo da Bairu masu noma. Likitan ya ja ni gefe ya ce wannan rabon magana ce mai ƙaiƙayi, kada in riƙa tambayar mutum daga wane ɓangare yake. Na kama bakina.

Da ya ga yadda nake tsayawa kallon shanu, sai ya ce ranar Asabar zai je duba garken kawunsa a gundumar Kiruhura, in ina so in bi shi. Muka koma ta hanyar Lyantonde, muka karya a Nyakahita muka nufi wajen Rushere, sannan muka bar kwalta muka sha ƙura. Hagu da dama waya ce mai ƙaya. A ƙofar gonar akwai ɗan rami da ruwan magani, dole ka tsoma takalmi saboda ciwon baki da kofato, wanda Fulaninmu ke kira boru.

Kawun dogo ne siriri, da mayafi a kafaɗa da sanda da ba ya rabuwa da ita. Na gaishe shi da abin da aka koya mini, "Agandi, Mzee," ya yi dariya ya amsa, daga nan ya riƙa ce mini mwana wangye, ɗana. Garkensa biyu ne, kowanne da shingensa. Na farko baƙi-da-fari ne, jinin Firiziyan, su ke cika garwar da ake kai wa tankin sanyi, su ke biyan kuɗin makarantar jikoki. Na biyu masu dogon ƙaho ne, waɗanda madararsu ba ta taka kara ta karya ba. Ya nuna na farko da tsinin sanda ya wuce. A na biyu ya tsaya.

Kowace saniya da sunanta, kuma yawanci launi ne ke ba ta suna. Ja mai duhun nan da suka fi so ita ce Bihogo, baƙa Kyozi, sai su Gaaju da Siina da Mayenje mai ɗige-ɗige. A tatsar yamma an hura wuta mai hayaƙi a tsakiyar garke don korar ƙuda, shanun suka kewaye ta suna miƙa wuya. Yana kiran suna, mai sunan za ta ratso ta zo. A sako maraƙi ya tsotsa kaɗan, a janye shi, wani yaro ya tsaya yana shafar uwar da ɗan tsintsiyar ciyawa, mai tatsa ya tsuguna da ekyanzi tsakanin gwiwoyi. Wannan wani kaskon itace ne baƙi mai siririn wuya da murfin saƙa, mata ke wanke shi su turara shi da hayaƙin ciyawa, shi ya sa madarar take da ƙamshin hayaƙi. An miƙo mini ɗaya cike, da ɗumin jikin saniya.

Waƙar sai washegari na ji ta sosai, a wurin shayarwa. Da rana ta take aka kora garken zuwa wani kwari inda aka haƙa tafki. Ba a barin shanu su shiga ruwan. A gefensa an gina komi da yumɓu, an shafe shi da wata jar ƙasa da shanun ke so. Saurayi ɗaya ya shiga ruwa zuwa gwiwa da bokitin itace, yana ɗiba yana juyewa a komin, wani ya tsare garken nesa kaɗan yana sako su kashi-kashi. Shanu masu ƙishi da irin wannan ƙaho, in suka rugo gaba ɗaya, komin ba zai kai labari ba, mai ɗibar ma ba zai kai ba.

Sai dattijon ya jingina da sandarsa, ya fara da fito, sannan ya ɗaga murya. Yakan fara daga sama, ya ja gaɓa ɗaya har numfashi ya kusa ƙarewa, sannan ya gangaro da kalmomi a jere da sauri ya dire ƙasa-ƙasa. Babu ganga, babu tafi, faɗuwar ruwa a komi ita ce kiɗan. Mai ɗiba yakan amsa da gajeriyar murya daidai lokacin da yake juye bokiti. Abin da na gani da idona shi ne shanun da ke tunkuɗar juna sun lafa. Wadda ake ambata takan ɗaga kunne. Wata tsohuwar Bihogo ta gama sha amma ta ƙi tafiya, ta tsaya ruwa yana ɗiga daga bakinta har ya gama da ita ya koma kan wata.

Likitan yana fassara mini a kunne, yana haƙilo don ba ya cim masa. Dattijon yana gaya wa saniyar wace ce uwarta, wace ce kakarta, da abokin da ya ba shi kakar kyauta, don a wurinsu kyautar saniya ke ƙulla zumunci, kuma ana sa ran wata rana a rama. Ya tuna mata shekarar farin da suka yi tafiya neman ruwa, ya lissafa tuddan da suka ratsa da sunayensu. Ya yabi farin ƙahonta, ya ce ita ke shiga gaba in an fita, ba ta shan ruwan da wata ta gurɓata. Ya yi wa wata karsana tsiya saboda ta tsallake shinge jiya. Ana cikin haka sai na ga samarin sun kwashe da dariya suna kallona. Wai ya ce wa shanun su sha a hankali, yau ga baƙo daga ƙasar fararen shanu ya zo ƙirga su, ya tsaya nesa yana tsoron ƙaho.

Kashegari muka koma wurin, karin muryar bai canza ba amma maganar duk sabuwa ce. Ya sako iskar da ta taso da dare, da maraƙin da aka haifa da asuba, da farashin madara da ya faɗi. Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce babu wanda ya zaunar da shi, ya bi mahaifinsa kiwo ne, wata rana ya ji bakinsa yana yi. Na ce ko zai maimaita mini ta jiya in ɗauka a waya. Ya ce ta jiya ta tafi da ruwan jiya, in ina so in ɗauki ta yau.

Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Duk wanda ya kwana a ruga ya ji Bafulatani yana kiran nagge da suna, yana mata kirari, yana busa sarewa a bayan garke, kuma an san rahaji da bin muryar mai ita kaɗai. Abin da ya bambanta shi ne ƙasar. A Kiruhura kusan ko'ina yana da mai shi da takarda da waya. Babu burtali, babu tashi da rani, babu saɓani da manomi a kan shiga gona, kuma na kwana a tsakiyar shanu ban ji ana zancen ɓarayin daji ba, abin da ya sa na yi ta juyi ina tuna rugagen da na sani waɗanda suka watse. To amma wayar da ta kawo wannan kwanciyar hankali ita ta datse hanyoyin da waƙar ke lissafawa. Tuddan da dattijon ke ambata, jikokinsa ba su taɓa kora saniya ta cikinsu ba, suna makarantar kwana a Mbarara. Masu kiwon yau da kullum 'yan ƙwadago ne da ake biya a wata, wani ma ba ya jin yaren sosai, rediyon wayarsa ke rataye a wuyansa. Na tambayi dattijon ko yana yi wa baƙi-da-farin waƙa. Ya taɓe baki ya ce waɗannan lamba ce a kunnensu, me zai ce musu, bai san kakarsu ba. Likitan, wanda shi ne ke yi musu allura da feshin kaska, ya ce kawu yana faɗin haka ne amma kuɗinsu yake ci. Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma ni da aikina shi ne ƙara yawan madara ba ni da bakin ganin laifin Firiziyan.

Abinci a gidan madara ce safe da yamma, har cikina ya fara ƙorafi. Saboda baƙo aka yi karo, tuwon tamba da rogo, da eshabwe, wata farar miya da ake kaɗawa daga man shanu da ruwan kanwa da gishiri ba tare da an ɗora ta a wuta ba. Daɗinta ya wuce misali, nauyinta ma haka. An yi mini tayin dafaffen jinin sa, na ce addinina bai yarda ba, ba wanda ya ji haushi. Kunun da suke kira obushera kuma sai ka tambaya, akwai na jiya mai zaƙi, akwai wanda ya kwana biyu ya zama wani abu. Kyautar da na taho da ita daga makiyayar ita ce kaska biyu a ƙwauri, likitan ya cire mini su da hantsaki yana dariya.

Daga nan sai ƙasar Bahororo. Wani abokin likitan zai aurar da 'yarsa a Rukungiri, aka ce in zo in ga biki. Daga Mbarara muka shiga ƙaramar bas mai kujera 14, aka loda mana mutum ya fi 20 da garewanin madara da damin ayaba, shilin 20,000 kowa. Bayan Ntungamo taya ta fashe, safayar ma ba iska, muka zauna a bakin hanya wajen Rwashamaire har rana ta faɗi, sanyi ya sauko, ni kuma da 'yar shadda ba rigar sanyi. Wata mata ta ciro zane daga jakarta ta ba ni na lulluɓa. Mun shiga Rukungiri da dare, na samu ɗaki na shilin 35,000, ruwan wanka a jarka.

Nan tuddai ne masu tsayi, kore shar da ayaba, filin kiwo kaɗan. Bahororo suna da tasu tsohuwar daula, Mpororo, wadda ta wargaje bayan mutuwar sarkinta Kahaya Rutindangyezi, 'ya'yansa kowa ya kama yankinsa. Da Turawa suka zo shata iyaka, wani ɓangare ya faɗa Ankole, wani Kigezi, wani Ruwanda. Rukungiri tana cikin Rujumbura, inda Makobore ke mulki lokacin zuwan Ingilishi. Yarensu da Runyankore kusan abu ɗaya ne, likitan bai sha wahalar fassara ba.

Bikin miƙa amarya ne, okuhingira. Sadaki da shanu ake lissafa shi ko da kuɗi za a biya. An kafa rumfuna da lasifika, an jera kayan da amarya za ta tafi da su, ciki har da jerin ekyanzi da babbar gorar kaɗa mai. Aka yi rawar ekitaaguriro, mata suna ɗaga hannuwa sama suna lanƙwasa su kamar ƙaho, maza suna dirka ƙafa. Sai wani saurayi ya fito da mashi ya yi ekyevugo, kirarin jarumta, ya bi shi da ekirahiro, kirarin shanu. Wannan gwani ne. Yana zuba baiti cikin numfashi ɗaya kamar ana zazzage tsakuwa, in ya kai ƙarshe ya ƙyasta yatsa, jama'a su amsa da "Eee". Aka yi masa liƙi sosai. Likitan ya ce irin wannan tsara shi ake yi a haddace, har gasa ake yi a makarantu, kuma saurayin a gari yake zaune, daga biki zuwa biki yake ci, ba shi da ko maraƙi. Ban raina shi ba, ya burge ni, kuma ta hanyarsa yaran birni ke jin sunayen shanu. Sai dai abin da yake yi mutane yake yi wa, kuma gobe a wani bikin shi zai maimaita. Na bakin komi kuwa in babu garken da mutum ya san asalinsa, babu abin da zai faɗa.

Da safe kafin mu tashi, maƙwabcin gidan bikin, wani tsoho mai shanu shida a gangaren tudu, ya fito da su. Yana da 'yar sarewa da suke kira omukuri, yakan busa kaɗan, ya sauke ya yi waƙa, ya sake busawa. Tasa ta fi ta Kiruhura taushi da jan rai. Likitan ya saurara ya ce yana gaya wa shanun cewa kakanninsu sun sha ruwa a wuraren da yanzu sai da takardar tsallaka iyaka ake zuwa, sannan yana ba su haƙuri a kan ƙarancin ciyawa, wai ayabar matarsa ta cinye musu fili. Matar tana jin sa daga cikin gona, ta ɗago ta mayar masa da magana, aka yi dariya. Na ce masa webare munonga, na gode ƙwarai, na ba shi goron da ya rage mini. Ya gutsura, ya yamutsa fuska, ya ce wannan maganin mene ne.

Komowa bas ɗin dare na hau daga Rukungiri kai tsaye zuwa Kampala, kusan kilomita 400, shilin 45,000, na yi barci har Busega. Na sayi ekyanzi ɗaya shilin 40,000, man shanun da aka ba ni kuwa na bar wa likitan don kada ya zame mini magana a filin jirgi.

Da na koma bakin aiki na kunna wa wani Arɗo da muke karɓar madara a rugarsa abin da na ɗauka a bakin komi. Ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe, ya ce a mayar, ya sa yatsa a kan tsohuwar Bihogo ya ce wannan ita ce uwar garken, tun kafin in gaya masa. Sannan ya tambayi kuɗin bijimi ɗaya da yadda za a kawo shi Kano. Na ce Arɗo, Cyril Ramaphosa na Afirka ta Kudu ma da ya so su, bai samu shigar da su ƙasarsa da ƙafarsu ba saboda dokar cututtukan dabbobi, sai Kenya aka kai shanun, aka ɗebi ƙwayayen haihuwarsu aka kai Afirka ta Kudu aka dasa wa wasu shanu. Ya ce to in tambayo masa nawa ne ƙwayayen.